Malam Ilu Sikeli da Jirgin Siminti

Ka taɓa yanka wa mutum rana, ranar ta zo daidai ba ƙari ba ragi, amma daga baya ka gwammace da ka kama bakinka? Malam Ilu Sikeli na Fagge ya taɓa, sau ɗaya tak a cikin shekara sittin da bakwai da ya yi a duniya, kuma wannan ɗayar ta ishe shi.

A Fagge aka haife shi. Ya yi allo, ya yi elementare shekara huɗu, yana ɗan sha tara ya shiga reluwe, aka ɗora shi a kan sikelin auna kaya a tashar Kano. Shekara talatin da ɗaya yana kan wannan sikeli, har sunan ya bi shi gida. Zamanin gyaɗa ne, lokacin da ake jera buhuna su yi dala. Duk taragon da ya bar Kano ya nufi tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko, Ilu ya san lambarsa, ya san nauyin da ke cikinsa, ya san ranar da zai kwana a Kaduna da ranar da zai haye gadar Jebba. Ko da ya yi ritaya bai daina ba. Kullum da safe zai leƙa tasha ya gaisa da tsoffin yaransa na aiki, ya dawo da labarin kaya cike da kai.

Saboda haka dakalin ƙofar gidansa ya zama ofis. Daga la'asar zuwa magariba fatake na zuwa, wannan ya tambayi fatunsa, wancan ya tambayi gishirinsa. A kwanakin da abin ke tashe, mutum goma sha biyu yake ƙirgawa a zaune. Da aka yi fari gyaɗa ta ja baya, manyan motoci kuma suka ƙwace kaya daga hannun reluwe, sai masu zaman dakalin suka koma bakwai, suka koma huɗu. Daga ƙarshe saura mutum ɗaya, Alhaji Halilu mai yadi a Kantin Kwari, abokinsa tun suna wanke allo a kwata ɗaya.

Shi Halilu bai iya riƙe adadi ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Kwana nawa ya rage salla, yadi nawa zai ishi riguna tara, shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari, duk Ilu yake tambaya. Ilu kan yi tsaki ya ce mutum da gemunsa bai san shekarun 'yarsa ba, sannan ya faɗa masa har da ranar mako. In ka bincika, wannan tsakin shi ne abin da ya fi masa daɗi a yini.

A shekarar 1975 arzikin mai ya cika gari. Kowa ka taɓa gini yake son yi, kuma ba na ƙasa ba, na bulo. Siminti kuwa ya yi ɓatan dabo. Halilu yana da ɗakuna uku na soro da zaure, da mutum tara a ciki, shi ma ya ƙwallafa rai. Wani babban ɗan kasuwa a Kwari da ya yo odar siminti daga ƙasar Girka ya sa sunansa a buhu ɗari biyu, ya ba shi takarda ɗauke da sunan jirgin ruwan da zai kawo kayan: Eleni Kora.

Wurin Ilu ya fara kawo takardar, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ilu ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya, ya nemi lamba irin ta tarago bai gani ba. Ya ce to, sai in kayan sun hau layin dogo zai iya magana. Halilu ya ninke takardarsa, ya ce ai an ce masa akwai wani a Sabon Gari da ya san harkar ruwa, zai gwada shi.

Wannan wani shi ne Sylvester Nwabueze, mai shagon kwano da ƙusa da fenti. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa in kana bayan labule sai ka ce ɗan Ƙofar Mata ne. Ya yi shekara takwas yana aikin inji a jiragen ruwa, bayan yaƙin basasa ya dawo Kano ya buɗe shago. Yana da suruki, Ikechukwu, akawun ƙirga kaya a Apapa, wanda ke bugo masa telegiram duk mako, ya kuma aiko masa da jaridun Ikko masu shafin zirga-zirgar jirage. A bangon shagon akwai taswirar duniya, kowane jirgi da fil ɗinsa a soke, kowane fil da kalar zaren da aka ɗaura masa. Eleni Kora ta samu jan zare.

Makon farko Halilu ya yi fashin dakali sau biyu. Mako na biyu sau huɗu. Mako na uku ranar Juma'a kawai aka gan shi, kuma da zamansa bakinsa bai huta da sunan mutumin nan ba. Ilu ya ƙirga a zuci, “Sylvester ya ce” goma sha huɗu kafin a kira magariba.

“Kai ka ga taswirar nan kuwa, Sikeli? Kano fa ɗigo ce. Ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda.”

“Madalla. Ka gaishe da ɗigon in ka koma, Alhajin teku. Kai da ko Kogin Challawa sai an riƙe maka hannu.”

Halilu ya yi dariya har da buga cinya, bai lura mai maganar ba ya dariya ba.

Ilu ya rantse a ransa ƙafarsa ba za ta taka shagon nan ba. Amma kunnensa yana aiki. Yakan yi kamar yana gyaran rediyonsa, ya jefa tambaya ta gefen baki, Halilu ya zazzage duk abin da ya jiyo, in ya manta ya ciro takardar da Sylvester ya rubuta masa. Yana tafiya Ilu zai shige zaure ya kwafe a tsohon littafinsa na reluwe. Cikin kwana goma ya haɗa jirgin kaf. Tsawo ƙafa ɗari biyar da ashirin. Faɗi ƙafa saba'in. In ya yi lodi, ƙafa talatin na jikinsa na nutsewa a ruwa. Rumbunan kaya biyar a cikinsa, suna ɗauke da tan dubu goma sha biyar. Gudunsa mil goma sha uku na teku a awa.

Tsawon ne ya ƙi shigar masa. Wata safiya ya fita bakin titi wajen kantin takalma na Bata ya auna da ƙafarsa, taku ɗari biyu da takwas, yana kauce wa masu keke da 'yan dako. Da ya juyo ya hangi inda ya faro, sai da ya cire hula ya sosa kai. Ya mayar da tan ɗin buhu, ya samu dubu ɗari uku. Ya mayar da su tarago, ya samu ɗari biyar. Bai taɓa ganin tarago ɗari biyar a wuri ɗaya ba, shi da ya tsufa a tasha. Abin ya burge shi, burgewar kuma ta ƙara masa haushi, don wani ne ya riga shi sani.

Ranar goma ga Maris telegiram ya zo cewa jirgi ya taso. A nan Halilu ya shiga tsaka mai wuya. Filinsa ƙarami ne, sabon gini dole a gurbin tsohon zai zauna. Leburorin da za su rushe soro su haƙa tushe kuwa 'yan cin rani ne, da hadari ya fara haɗuwa za su naɗe tabarma su koma gona. Ko dai ya rushe yanzu ya jira siminti da tushe a haƙe, ko ya haƙura sai baɗi. Ya zo dakali da wannan damuwa, ya ce Sylvester ya ƙi ba shi rana, ya ce kada ya zare azara ko ɗaya sai ya ga buhu a ƙofar gidansa.

Abin ya yi wa Ilu daɗi. Ashe akwai abin da mai taswira bai iya ba.

“Wanda ya sani rana yake faɗa,” in ji shi. “Wanda bai sani ba shi ke cewa a jira.”

Ya shiga ya fito da littafi, karo na farko da ya bari Halilu ya gan shi. Ya karanto masa a tsanake. Daga inda jirgin ya taso zuwa Ikko mil dubu huɗu da ɗari bakwai. A gudunsa, kwana goma sha biyar. Ƙara ɗaya na tsayawa shan mai a hanya, sha shida. Ranar ashirin da shida ga Maris ke nan. Sauke kaya kwana goma. Dogo daga Apapa zuwa Kano, wanda shi Ilu ya san shi kamar tafin hannunsa, kwana bakwai. Ya ƙara bakwai na abin da Allah ya ɓoye. Jimla arba'in. Sha tara ga Afrilu siminti na Fagge, a buga bulo, a yi gini a mako biyar, a rufe da kwano kafin ruwan farko.

Halilu ya tambaya, to in jirgin ya iso ya tarar babu wurin tsayawa fa? Sylvester ya ɗan taɓa wannan zance.

Nan Ilu ya gyara zama, don an shigo gonarsa. Ya bayyana masa dokar da ya rayu a kanta shekara talatin da ɗaya: ba a sakin jirgin ƙasa daga tasha sai tasha ta gaba ta bugo waya ta ce hanya a buɗe take, wuri kuma na nan. Sai an miƙa wa direba sandar izini a hannu kafin ya motsa. In haka ake yi wa jirgi mai tarago ashirin, ina ga mai ɗauke da kayan tarago ɗari biyar? Tunda har aka sake shi daga Girka, to Ikko ta riga ta share masa wuri. Ba ƙarya yake yi ba. Har cikin ransa haka ya ɗauka duniya take tafiya.

Matarsa Ma'u ta jiyo su daga bayan ƙyaure. Da baƙo ya tafi ta ce masa, “Malam, gidan mutum tara fa kake magana a kai. Me zai hana ka je ku haɗa kai da mutumin nan?” Ya ce mata shi ba ya neman ilimi a shagon ƙusa.

Leburori goma sha huɗu suka rushe ɗakuna uku a kwana uku. Aka raba azara ga maƙwabta. Ummakulsum matar Halilu da yara suka koma zaure da wata rumfar zana da aka kafa a tsakar gida, da niyyar zaman mako tara.

Ranar ashirin da shida ga Maris, da hantsi, Halilu ya zo da sauri har yana tuntuɓe da bakin riga. Telegiram ya iso, Eleni Kora ta shigo ruwan Ikko. A ranar da aka faɗa, ba jiya ba, ba gobe ba. Labari ya zaga Kwari, ya kai unguwar Kwaciri. A wannan makon mutum tara Ilu ya ƙirga a dakalinsa, har da masu jiran shinkafa da masu jiran ƙarfen rodi, kowa da sunan jirginsa a takarda. Ya sa aka dama fura, ya ɗinka sabuwar hula. Halilu ya zo kwana bakwai a jere.

Sai kwana goman sauke kaya suka wuce. Ilu ya je tasha ya tambaya ko an yi lodin siminti daga Apapa, aka ce babu. Washegari ma babu. Sha tara ga Afrilu ta zo ta wuce, tushe na nan a haƙe, awaki na faɗawa ciki. Mutum taran nan na dakali suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Halilu ya koma bin hanyar Sabon Gari, in ya dawo ya ce jan zare na nan inda yake.

Ranar kwana na ashirin da uku bayan cikar wa'adi Ilu ya karya rantsuwarsa. Ya zaɓi lokacin da ya san Halilu na kasuwa. Ya tarar da wani dogon mutum mai furfura a gefen kunne yana auna ƙusa, ya yi sallama, ya ce fenti yake dubawa.

“Malam Ilu Sikeli,” in ji Sylvester, yana jawo masa benci. “Fentin zai jira. Ai na daɗe ina son ganin mutumin da ya kayar da ni. Ni kwana sha takwas na ba jirgin nan a raina. Kai daga Fagge, ba ka taɓa ganin teku ba, ka ce sha shida.”

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙin haɗiya. Ilu ya zauna a bakin benci, ya tambaya a taƙaice me ya riƙe kaya, tunda an ba jirgi izinin tasowa.

Sylvester ya tambaye shi wane izini. Da Ilu ya yi bayanin waya da sanda, mutumin bai yi dariya ba, ya dai dafe goshi. Ya ce teku ba dogo ba ce, babu mai tsare kowa. Duk wanda ya yi lodi sai ya taso, ko mutum ɗari suka taso rana ɗaya babu mai hana su, sai sun iso su tarar da juna. Ya buɗe jarida ya nuna masa shafin. Ikechukwu ya rubuto cewa ranar da Eleni Kora ta iso, jirage casa'in da huɗu ta tarar suna jira a waje, kowanne ya jefa ƙarfensa a ruwa ya tsaya, yanzu kuma sun ninka. Ga shi nutsewarta ƙafa talatin, ba kowane gurbi ne zai ɗauke ta ba, sai masu zurfi, su kuma ba su da yawa.

Ƙafa talatin ɗin nan na cikin littafin Ilu tun watan jiya. Ya rubuta ta, ya ja mata layi, bai san amfaninta ba.

“To yaushe?”

“Malam, da na sani da na faɗa wa Alhaji tun farko. Da ka kawo min lissafin nan kafin a taɓa soro, minti biyar ya ishe mu.”

Ruwan farko ya sauka ranar biyu ga Yuni da la'asar, da iska. Rumfar zana ta tashi ta faɗa gidan maƙwabta. Kafin ruwan ya tsaya Ilu ya isa gidan Halilu da laima, ya ce a kwaso kaya. Mutum tara suka shigo kan mutum shida. Ma'u ta ba Ummakulsum ɗakinta. Washegari Sylvester ya aiko da tamfol biyu a kura don a rufe sauran kayan da ke zaure. Ilu ya taya shimfiɗawa, yana auna su da ido, yana jin haushin yadda suka yi daidai.

Kwana ɗari biyu da talatin suka yi a gidan. Jirgin ya shafe wata bakwai da kwana tara a kan ruwa kafin ya samu gurbi. Da simintin ya iso Fagge a ƙarshen Nuwamba, Ilu ne ya tsaya a bayan mota yana ƙwanƙwasa kowane buhu. Sittin da ɗaya sun sha raɓar teku sun zama dutse. Ɗari da talatin da tara suka tsira.

A duk kwanakin nan Halilu bai taɓa ɗaga zancen ba. Tare suke cin tuwo, tare suke tafiya masallaci, in wani a Kwari ya taɓa Ilu shi ke tare masa. Abu ɗaya ne ya canza. Bai sake tambayarsa wani abu mai adadi a ciki ba. Azumi ya zo, bai tambayi kwana nawa ya rage ba. Aka yi wa yara ɗinkin salla, da kansa ya yanka yadin, ya yanka ba daidai ba. Ilu ya samu abokinsa safe da yamma a ƙarƙashin rufinsa, tsakin nan kuwa ya rasa inda zai yi shi.

Ranar da aka gama jera buhunan kirki, suna zaune a dakali, Halilu ya ce da kansa, ba da kowa ba, ko bulo nawa za su bayar oho. Amsar na bakin Ilu tun da safe. Ya jira a juyo a dube shi. Halilu ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce bari ya leƙa Sabon Gari.

Ilu ya bar shi ya sha kwana, sannan ya sa takalmi ya bi bayansa.

Ya tarar Sylvester na cewa shi fa injin jirgi ya sani, bulo ba fanninsa ba ne. Da ya hango mai shigowa sai ya ce, “Ga mai abin nan ya zo. Malam Ilu, nawa?”

“In an buga talatin a buhu, dubu huɗu da ɗari da saba'in. Amma a ware buhu arba'in na ɗaurin gini da shafe, saura dubu biyu da ɗari tara da saba'in. Ɗaki biyu za su yi, ba uku ba.”

Halilu ya dubi Sylvester. Sai da Sylvester ya gyaɗa kai ya ce haka ne, sannan Halilu ya ce to, ɗaki biyu.

Haka aka ci gaba shekara goma sha uku, har Allah ya karɓi ran Malam Ilu. Dakalinsa ya zama wurin shanya barkonon Ma'u. Kullum bayan la'asar yana kan bencin shagon ƙusa, na biyu daga taswira, Halilu na farko. Shi ke lissafa wa duk mai jiran jirgi kwanakin tafiya, kuma da wuya ya kuskure da fiye da kwana ɗaya. Amma kowane adadi sai ya bi ta kan Sylvester an gyaɗa masa kafin Halilu ya karɓa. Mutanen biyu sun saba, sun je sunan jikokin juna, Sylvester na cikin waɗanda suka zauna makokinsa kwana uku. Duk da haka Ma'u ta ce har ya bar duniya bai taɓa kiran sunan mutumin a cikin gida ba, sai dai ya ce mai taswira.

In kana jiran kaya yanzu, ko ta ruwa ko ta mota, ɗauki takarda ka yi irin lissafinsa: nisa, gudu, nauyi, kwanakin lodi da na saukewa, kada ka tsallake ko ɗaya. In ka gama, kafin ka faɗa wa kowa rana, nemi wanda ke zaune a inda kayan za su sauka, ko da mutumin da ba ka son jin sunansa ne, ka tambaye shi mutum nawa ke gabanka a layi. Don Allah ka gwada a wannan makon, ka ga kwana nawa zai ƙara maka.